Turaren Inna da Muryar Hashimu

Na ga saƙonninku. Wasu na yi mini addu'a, wasu na tambayar abin da ya sa na yi shiru har mako uku, wata kuma ta rubuto cewa ita dama ta san girman kaina ne zai kai ni ƙasa. Na gode muku duka, har da ke. Yau zan faɗi abin da ya faru, amma ba don a tausaya mini ba. Tausayin mutane na ɗanɗana shi a watan nan har ya gundure ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lailatu, ƴar Gure, ina koyar da Faransanci a kwalejin garinmu. Babanmu ya rasu ina ƴar shekara goma sha ɗaya. Innata, Zuhura, ita ta riƙe ni da ƙannena biyu mata da sana'ar turaren wuta da humra. Daga Kelle har Bune, amaryar da aka kai ɗaki ba da kwalbar Inna ba, sai a ce gyaranta bai cika ba.

Ni ce ƴar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Da ina ƙarama "ke" nake. Da na fara koyarwa na koma "Madam", tana faɗa tana murmushin tsokana. Ku riƙe wannan a ranku, don ku san irin macen da nake ba ku labari: shekara ashirin da bakwai tana jin kunyar sunan ƴar da ta haifa da cikinta.

Tun bara na lura turaren ɗakinta ya ƙaru. Da kasko ɗaya take kunnawa da yamma, sai ya koma biyu, safe da rana, har labule ya yi baƙi daga sama. Ta kuma daina cire lafaya. A tsakar gida lafaya, a gaban murhu lafaya, cikin zafin da ke sa kaji buɗe baki lafaya. Na taɓa tambayarta ko wani Alhaji ne ya ƙyalla ido ba a gaya mana ba. Ta jefe ni da mafici, muka yi dariya. Ina da digiri, ina karanta littattafai masu kauri, amma ban iya karanta uwata ba.

Wata Laraba na dawo daga lakkwal, wato makaranta, da wuri. Na same ta zaune a bakin makewayi, bokiti a gabanta ta kasa ɗagawa, zanin da ta ɗaura a ƙirji ya zame. Na gani. Ba zan kwatanta muku ba. Abin da zan ce kawai, a ranar na gane aikin da turaren nan yake yi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ja zaninta ta ce, "Madam, rufe ƙofar gida."

Shekara biyu tana ɗauke da shi ita kaɗai.

Da ƙyar na kai ta Damagaram. Likitar mace ce, ta duba, aka yi gwaje-gwaje, ta kira ni gefe ta ce cutar daji ce a mamanta na hagu, sai an je Yamai an yi aiki, kuma kada mu wuce wata guda. Ta rubuta takarda ta buga hatimi. Da ta faɗi abin da aiki da magani da zaman Yamai za su ci, sai na shiga lissafi a raina. Ko in haɗa albashina na shekara guda da rabi ban taɓa ko dala ba, ba zai kai ba. Muka sayar da awaki huɗu da ƴan kunnen zinarin da Baba ya yi mata. Ko rabi ba mu kama ba.

Sai na je wajen Kawu Abatcha, yayan Inna, dillalin dabbobi ne a kasuwa. Na durƙusa a zaurensa, yana kan buzu yana jan carbi, na yi masa bayani da kalmomin da suka fi laushi. Ya gama jan carbinsa. Daga baya ya ce dangi za su haɗa abin da ya sawwaƙa in an sayar da ragunan Layya, kuma duk wanda ya tambaya a ce hawan jini ne. Layya saura wata biyu. Na ce masa likita ta ce wata guda. Ya ce likita ba ita ke riƙe da rai ba.

Akwai wani zaure na WhatsApp da ake kira Gure Gida. Duk ɗan Gure da ke Yamai, Agadas, Kano, Libiya, har Faransa, yana ciki. Bara ɗan Kawu, Manzo, ya faɗi da babur a hanyar Alakos. Aka ɗora hoton ƙafarsa a zauren, ƙashi a waje, jini a kan zanin gado. Kwana uku aka tara abin da ya kai shi asibiti ya dawo da shi. Kawu da kansa ya yi saƙon godiya.

Na ce, "Kawu, ƙafar Manzo duk duniya ta gan ta."

"Ƙafa ce," ya ce. "Kuma namiji ne."

Na tashi ban yi sallama ba. Na san rashin ladabi ne. Har yau ban nemi gafara ba.

Yanzu bari in kawo muku Hashimu. Ɗan Malam Burahima ne na unguwar bayan kasuwa, yana aiki da wata ƙungiyar kiwon lafiya a Damagaram, kuma yana cikin masu kula da Gure Gida. Shekara biyu muna tare. Manyansa sun zo, an yi gaisuwa, an ce biki bayan damina. Mutum ne mai barkwanci, ni yake kira "Madam Direktiris", wato shugabar makaranta, saboda wai ko gaisuwa na yi kamar umarni nake bayarwa. Amma tun ranar da manyansa suka zo, in ya iso ƙofar gidanmu sai ya zama wani mutum daban. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna, ya karkatar da fuska, ya gaishe da Inna ta bayan labule. Ita kuma ta amsa ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon maƙogwaro. Bai taɓa shan ko ruwa a gabanta ba. In ya hango ta a kasuwa, sai ya sauya layi. Ina yi musu dariya su biyun, ina cewa sai ka ce ɓarawo da mai kaya.

Da na gaya masa komai a salula, ya ce in bar masa. Ya rubuta a zauren cewa wata baiwar Allah ƴar garinmu na fama da rashin lafiya mai tsanani, ana neman taimako. Ba suna, ba hoto, ba sunan ciwo. Kwana huɗu ina duba salula kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Hannayen addu'a suka yi ta zubowa. Allah ya ba ta lafiya, Allah ya sa kaffara ne. Wani ya tambaya wace ce. Wani ya ce yanzu damfara ta yi yawa, in gaskiya ne a nuna takarda. Abin da ya shigo bai kai kuɗin mota ba.

Rana ta biyar na ce wa Hashimu uwata ba "wata baiwar Allah" ba ce, tana da suna, kuma rabin matan mutanen nan da turarenta aka kai su ɗaki. Ya ce in yi haƙuri ya ƙara magana da mutane ɗaya-ɗaya. Ban yi haƙuri ba. Na ɗauki hoton takardar likita, na rubuta sunan Inna da nawa, na sa lambata, na tura.

Ga lissafin da na yi, don ku ga wautar mai ilimi. Na ce takardar da Faransanci take, Faransancin ma na likitoci. Masu iya karanta ta ƴan boko ne da ke nesa, su ne kuma masu abin bayarwa. Matan unguwarmu da Inna ke jin kunyarsu ba za su gane komai ba. Ni mai koyar da Faransanci na ɗauka Faransanci labule ne.

Abin da ya biyo baya ba shi na zata ba. Ƙawayena na lakkwal suka turo ƴan abin da suke da shi, kusan kowace da roƙon kada in ambaci sunanta, don maigida bai sani ba. Maza kuma suka biyo ni ta bayan fage.

"Salam Madam. Allah ya ba Mama lafiya. Kin yi aure?"

"Ina so in taimaka amma sai na tabbatar. Kira ni ta bidiyo."

"Hoton da ke kan lambarki ke ce?"

Wani ya turo abin da bai wuce kuɗin katin waya ba, ya kira ni sau biyar a wuni ɗaya yana tambayar ko na ci abinci. Na cire hotona na sa hoton masallaci. Ban toshe kowa ba, don ban san ta hannun wa Allah zai kawo ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: ni Lailatu, da ɗalibai ke miƙewa in na shiga aji, ina rubuta "na gode Alhaji" ga mutumin da ya tambaye ni launin rigar da na sa.

Sai wani dattijo a zauren ya yi magana a fili. Ya ce shi bai iya karatun nasara ba, bai san abin da ke cikin takardar ba, kuma shin gidan nan ba su da namiji ne da za a bar budurwa tana bara da lambarta? Wani ya ƙara da cewa ƴan matan yanzu sun iya haɗa takarda.

Wannan ce ta tunzura Hashimu. Ranar Juma'a, da saukowa daga masallaci, ya yi saƙon murya na minti biyu da ƴan daƙiƙu. Ya ce shi Hashimu ɗan Malam Burahima ya san gidan, ya ga takardar, kuma duk wanda ya zargi Lailatu shi ya zarga. Ya ce tunda akwai iyayenmu da ba su karanta Faransanci, zai fassara musu. Ya fassara. A wajen aikinsu sun saba tara mutane a ƙauye su kira kowace cuta da sunanta, su kira kowace gaɓa da sunanta, don a gane a je asibiti. Haka ya yi. Ya faɗi sunan Inna, ya faɗi ciwon, ya faɗi wurin da yake a jikinta, da kalmar da kowane yaro ya sani.

Zan faɗa muku gaskiya. Da na saurara na zo wurin kalmar nan, na kife salular a kan cinyata. Amma kafin in gama tunani, salulata ta fara ƙara. Daga Agadas, daga Sabha, daga Yamai, daga mutanen da kwana biyu da suka wuce suka karanta saƙona suka wuce. Dattijon nan ma ya aiko, har da addu'a mai tsawo. Takardar ita ce dai, lambar ita ce dai, mara lafiyar ita ce dai. Murya ce kawai ta zama ta namiji. Zuwa Lahadi da yamma abin da ake nema ya cika. Na kira Hashimu ina dariya, karon farko cikin wata. Ya ce, "Madam Direktiris, yau dai a ba ni maki mai kyau." Na ce na ba shi goma sha takwas bisa ashirin. Na je na sayi tikitin mota biyu na ranar Asabar.

Duk wannan Inna ba ta sani ba. Na gaya mata abokan aiki ne suka haɗa.

Saƙon murya ba ya zama inda aka ajiye shi. Takarda sai mai karatu, murya kuwa kowa na da kunne.

Ranar Litinin bayan azahar mata shida suka zo dubiya. Cikinsu har da Ya Kaka, gwaggon Inna wadda ta koya mata haɗa turare, da maƙwabciyarmu Zaliha mai tuyar awara. Zaliha ba muguwa ba ce, ina so ku san haka. Ita ce ke kawo mana ruwan zafi in Inna ta kwana da zazzaɓi. Ina shigowa da kwanon fura na ji tana cewa Inna ta yi dacen suruki, irin wanda ba ya jin nauyin tsaya wa uwar matarsa a gaban duniya, bari ma ta ji da kunnenta. Kafin in ajiye kwanon ta danna salularta.

Muryar Hashimu ta cika ɗakin. Muryar da Inna ba ta taɓa ji ba sai ƙasa-ƙasa ta bayan labule, yau ga ta sarai tana kiran sunanta. Na ga hannun Inna ya kama bakin lafaya. Ya Kaka ta gane inda maganar ta nufa, ta miƙa hannu za ta fizge salular, amma tsufa ya riga ya rage mata sauri. Kalmar ta fita. Idanun sauran mata biyar suka sauka a ƙirjin uwata, suka ɗauke da sauri, kuma ɗaukewar ta fi kallon ciwo.

Inna ta ce musu ta gode da zuwa. Ta ce a gaishe da yara. Da suka fita ta juya fuska ga bango.

Washegari ba ta kunna turare ba. Na ɗauko kasko na zuba garwashi, ta ce in mayar. "Wa kuma zan ɓoye wa?"

Kawu Abatcha ya zo yana huci, ya ce na tallata ƙanwarsa kamar akuya a kasuwa, a mayar wa kowa kuɗinsa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba zan mayar ba, in ragunansa za su iya zuwa Yamai su yi aikin to ya kawo su. Ya ɗaga hannu, ya sauke, ya fita. Ban ji tsoronsa ba. Shirun da ke cikin ɗaki nake tsoro.

Ranar Laraba da la'asar na same ta ta fito da duk kwalaben humra ta jera a kan tabarma. Tana nuna wa ƙanwata Ummul Kulsum wannan ta ƴar gidan wane ce, wannan an biya, wannan kyauta ce. Da ta gan ni ta sallami Ummu. Akwai kwalabe uku a gefe, manya, an naɗe su da sabon ƙyalle.

"Lailatu," ta ce.

Na waiwaya in ga ko wani ne ya shigo. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ashe haka yake fita, a hankali, kamar tana taka ƙasa mai zafi.

"Zauna. Ba zan je Yamai ba."

Na fara magana, ta ɗaga hannu.

"Yaron nan mutumin kirki ne. Abin da ya yi don ke ya yi, na sani. Ban riƙe shi da komai ba. Amma ki gaya mini, in na warke na dawo, ranar sunan ɗanki zan zauna a ɗaki ya zo ya tsuguna ya gaishe ni? Da bakin nan? In amsa masa da me?"

Na ce ciwo ba zunubi ba ne, Allah ne ya ɗora mata. Ta ce ita ma ba ta ce zunubi ba ne. Na ce mutane za su manta. Ta ce mutane za su manta, ita da shi ne ba za su manta ba. Na kawo mata duk abin da na karanta, na kawo mata matan da aka yi wa aikin suka rayu shekara ashirin. Tana saurare kamar yadda nake sauraren ɗalibin da ya haddace darasi bai gane ba.

"Ki saurare ni," ta ce. "In ina nan, ko dai ki rasa shi, ko in rayu ina ɓuya a gidan ƴata. In ba ni, babu mai jin kunyar kowa. Ki aure shi ki zauna lafiya. Waɗancan ukun naki ne, tun bara na haɗa."

Na fita tsakar gida na tsaya kusa da randa, ban san abin da na fito yi ba. Ya Kaka na zaune a gindin bishiyar bedi tana tauna goro da sauran haƙoranta. Ta ji komai. Ta ce ku ƴan lakkwal kun ɗauka kowace magana gardama ce da ake cinyewa da hujja. Ta ce uwarki ba ciniki take yi da ke ba, gudummawar biki take ba ki, kuma ita ce mafi tsada da take da ita.

Na tambaye ta yadda ake mayar da irin wannan gudummawa. Ta ce ita a shekarunta ba ta taɓa ganin an mayar ba.

To ni na mayar.

Na yi alwala. Na shiga ɗaki na sauko da Alƙur'anin Baba daga saman kabad, cikin gafakarsa ta fata. Inna na ganina ta yunƙura ta ce in ajiye. Na durƙusa a gabanta na ɗora hannu a kai.

"Na rantse da wannan ba zan auri Hashimu ba. Ko kina raye, ko ba kya raye. Yanzu mutuwarki ba za ta saya mini komai ba, Inna."

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. Na zaci za ta mare ni, na ma so ta mare ni. Sai ta ce na cuci kaina, na kuma cuce ta, kuma taurin kan nan ba daga wajenta na ɗauko ba. Ta yi kuka, irin wanda ba sauti, na rungume ta ta gefen dama inda ba ciwo. Da ta natsu ta share fuska da bakin lafaya.

"Ɗauko mini akwatin ƙarfen nan," ta ce. "Ki sa kasko ɗaya a ciki. An ce Yamai akwai sauro."

Na kira Hashimu kafin magariba, don in na bari ya kwana ba zan iya ba. Na gaya masa duka, har rantsuwar.

"Tun da na tura saƙon nan na san na yi ɓarna," ya ce. "Amma Lailatu, da ban faɗa ba da ba su bayar ba."

"Na sani."

"To me ya kamata in yi?"

Na ce masa ban sani ba. Har yanzu ma ban sani ba. Ya tambayi ranar tafiya, na faɗa, ya ce Allah ya ba ta lafiya. Bai iya cewa Inna ba, bai iya cewa sunanta ba. "Ita" kawai ya ce.

Ranar Asabar da hantsi muna tasha. Inna cikin lafayarta mai ruwan toka, ni da doguwar riga baƙa da jakar takardu a ƙirji. Ƙannena na kuka, Ya Kaka na yi musu tsawa tana share nata. Zaliha ta kawo awara a leda ta miƙa ba ta iya ɗaga kai ba, Inna ta karɓa ta sa mata albarka. Har Kawu Abatcha ya zo. Bai kalle ni ba. Ya tura wa Inna ƙullin dabino da wata ƴar ambulan ta taga, ya ce ya sayar da raguna biyu tun ba su yi ƙiba ba, ya juya da sauri kamar ana kiransa.

Muna zaune a mota, Inna a bakin taga, sai na hango Hashimu. Motar nan ta Damagaram za ta bi, da ya jira a can da ya gan mu cikin sauƙi. Amma ya taso tun asuba ya zo Gure. Bai matso ba. Ya tsaya can gefen tasha bayan mai shayi, inda ciyawa ta bushe. Da ya ga mun zauna, ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, ya tsuguna, ya karkatar da fuska, daidai yadda yake yi a ƙofar gidanmu. Da fararen kayansa, a gaban ƴan kamasho da masu tallar ruwa. Mutane na wucewa suna kallonsa.

Inna ta ja lafaya ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Ban san ta gan shi ba.

Mota ta tashi. Muka bar gari, tuddan rairayi suka fara wucewa. Ban yi kuka ba, na gaya muku ba a ganin hawayena a waje. Mun yi nisa sosai kafin ta yi magana daga cikin lafaya.

"Madam. Ki kira shi ki ce ya sa takalminsa. Wurin nan duk ƙarangiya ce."

Na ce to. Ban kira ba.

Yau kwananmu goma sha ɗaya a Yamai, a gidan wata ƴar Gure da ban taɓa sani ba sai ta zauren nan, wadda ta ba mu ɗakin ƴaƴanta ta ƙi karɓar ko godiya. An gama gwaje-gwaje. Hashimu ya turo saƙon murya guda ɗaya tun ranar da muka taso, yana nan ban buɗe ba. Muryarsa ta riga ta yi mini aiki ɗaya, na ga abin da ta ci.

Kowace safiya, in na kawo wa Inna ruwan alwala, sai ta tambaye ni ko na gaya masa ya sa takalmin. In ce zan gaya masa. Ta ce to.

Gobe da safe za a shiga da ita. Ɗazu malamar asibiti ta kawo takardar amincewa, ta ce mara lafiya ta dangwala yatsa. Inna ta naɗe hannuwanta cikin lafaya. Ta ce ba za ta kwanta a ƙarƙashin wuƙa ta bar ɗan mutane tsugune cikin ƙaya ba, sai ta ji da kunnenta cewa ya tashi.

Na ce mata na rantse, Inna, kina gani.

Ta ce, "Aure kika rantse a kai. Ni takalmi na ce."

Malamar ta ce za ta dawo bayan la'asar. Takardar na kan gado, an yi kiran salla, salular kuma na hannuna.